Yadda muka sa wa cajar ɗan yayata linzami kafin ta ƙona ɗakin Inna

Wata Alhamis ce bayan la'asar, ranar da Kasuwar Dole ke cika maƙil, ɗan yayata ya shigo mini shago da kwalin takalmi a hammata, kuma tun kafin ya buɗe na ji warin nan da duk mai gyaran rediyo da salula ya sani, warin roba da darma da suka sha wuta. Ya gaishe ni a ladabce fiye da yadda ya saba, har da durƙusawa, nan na gane an yi ɓarna. Ya ce "Kawu don Allah ka duba mini wannan, amma kar Mama ta ji."

Bayan daminar 2023 ne. Duk wanda ke Damagaram lokacin ya san halin da aka shiga, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli Najeriya ta yanke layin kuran da ke shigo mana ta wajen Katsina, iyaka kuma a rufe, wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama, ga zafin kaka ga sauro. Inna, mahaifiyarmu kenan, tana cikin Birni a ɗakin da kwano ya rufe, dare ya yi ba ta iya barci, shi kuma yaron a gidan yake kwana yana shirin BAC, jarabawar gama sakandare. Sai ya yi tunani mai kyau wallahi, ya tattara matattun batiran ordinate, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, guda uku, ya farke su ya fiddo pil ɗin da ke ciki, irin masu lamba 18650 ɗin nan, faɗi milimita 18 tsawo 65, ya zaɓi tara ya haɗa uku-uku kafaɗa da kafaɗa wato paralel, sannan ya jera rukunin uku kai da wutsiya wato seri, don ya samu bolt 12 da zai juya ƙaramar fanka da ampul biyu na LED. Har da BMS ya sa, wata ƴar faranti mai kare batir da abokinshi ya ba shi an rubuta 20A a jikinta. Fankar ta juya, Inna ta sa mishi albarka. Matsalar ta taso ne ranar da batirin ya ƙare aka zo caji.

Farko cajar ordinate ya ɗauka, mai bolt 19 amper 3.42, ya jona ta kai tsaye. Ya ce fitilar cajar sai ƙyaftawa take kamar mai ciwon ido, ba ta tsayawa. Allah Ya so shi ne, cajar ce ke kare kanta, tana gani an ja fiye da ƙarfinta sai ta yanke ta sake gwadawa ta sake yankewa. Da ya ga haka sai ya nemo ƙaramin modil ɗin LM2596, mai ƙusa ɗaya da ake murzawa a rage bolt, ya daidaita shi a 12.6 daidai, abin da ya karanta kenan kuma gaskiya ne, ya jona ya tafi sallar magariba. Ya dawo ya tarar da hayaƙi siriri yana tashi, modil ɗin ya yi baƙi a gefen kwayil, pil ɗin tsakiya kuma zafi kamar kofin shayi. A kan tabarma ya ajiye abin, kusa da katifar Inna. Nan ne na ji jikina ya yi sanyi.

Na tambaye shi, na ce kai ɗana, wa ya gaya wa batirin nan amper nawa zai sha? Ya ce ai BMS na nan Kawu. To a nan ne kuskuren yake, kuma ba shi kaɗai ba, manya ma masu shago na yin shi. BMS ba caja ba ce, mai gadi ce, tana zaune har sai pil ya wuce wajen 4.25 ko ya faɗi ƙasa sosai ko an ja amper da ya haura wanda aka yi ta dominshi, sannan ta yanke. Wadda aka rubuta wa 20A ta ga amper 4 na shiga ko a jikinta, a wurinta lafiya lau ake. Shi kuma batirin lityum ba shi da kunyar ci. Rezistans ɗinshi na ciki ƙarami ne ƙwarai, na zana mishi a bayan kwali: tsohon pil ɗaya a ce om 0.12, uku a paralel ya zama 0.04, rukuni uku a seri ya koma 0.12, ka ƙara wayoyi da BMS a ce duka 0.2. Batirin ya sauka 10.5, kai ka ba shi 12.6, bambanci bolt 2.1, raba da 0.2, amper 10 da ƴan kai yake nema. Modil ɗin da ko amper 3 sai da taimakon radiyate, ƙarfen da ke ɗauke zafi, yake kaiwa, ya yi ta ba da iya ƙarfinshi har ya gasa kanshi. Da cajar 19 kai tsaye kuwa lissafin ya haura amper 40, shi ya sa take ƙyafta ido.

Cajin lityum hawa biyu ne. Hawan farko ka riƙe amper a wuri ɗaya, bolt na hawa a hankali da kanshi, har pil ya kai 4.2. Hawa na biyu ka riƙe bolt ɗin a nan kar ya ƙara, amper ya yi ta sauka, in ya sauka kamar kashi ɗaya cikin goma sai ka cire. Yaron ya yi na biyu ya tsallake na farko, kamar wanda ya hau doki ya san inda za shi amma babu linzami a bakin dokin. Kuma 4.2 ɗin nan ba wasa ba ne, kamfanonin da ke yin pil ɗin 0.05 kawai suke yarda a kauce. Na tuna mishi Galaxy Note 7 da Samsung ta janye daga kasuwa a 2016 saboda batir na kamawa da wuta, na ce kamfani da injiniyoyinshi ma abin ya ba su kunya, bare mu da kwalin takalmi.

Abin da ya fi cin lokaci ba haɗa cajar ba ne, sanin amper nawa za mu bari ya wuce. Shi yana so mu duba rubutun jikin pil mu ninka da uku mu raba biyu, don an ce a yi caji da rabin ƙarfin batir, abin da suke kira 0.5C. Na ce a'a, wannan na sabon pil ne a ɗaki mai sanyi. Rubutun jikin tsohon pil labarin ƙuruciyarshi ne. Sabbin ma da ake gani a kasuwa an rubuta 9900 mAh, wato yawan wutar da suke ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta, 18650 na kirki iyakarshi wajen 3500. Muka warware haɗin, muka yi kwana uku muna cika kowane pil shi kaɗai da modil ɗin TP4056 da nake da su a durowa, sannan mu sauke shi a kan rezistans om 3.9 muna kallon agogo da multimeta har ya kai bolt 3. Aiki ne mai gundura, yaron har gyangyaɗi yake. Abin da muka samu tsakanin 1500 ne da 1800 mAh, guda ɗaya kuma yana ɗumi ko da rabin amper ake ba shi kuma bai kai 4.2 ba har dare, muka jefa shi gwangwanin yashi muka sa wani a madadinshi.

Na ɗauki mafi rauni, 1500, sau uku 4500 mAh. A takarda amper 2.25 ya halatta. Amma lokacin da muke warwarewa na ga wani abu, ɗaya daga cikin siraran ƙarafan da ke haɗa pil da pil ya saki, taɓa shi kawai na yi ya ɗago. Na ce mishi duba nan, in wannan ya saki cikin dare, rukunin da kake ƙirgawa uku ya koma biyu, in biyu suka saki pil ɗaya ne zai shanye duk abin da cajar ke turowa, kuma babu fitilar da za ta gaya maka. Saboda haka na ce mu zaɓi amper da ko pil ɗaya ya rage a rukuni zai iya ɗauka bai mutu ba. Wajen 0.85 ya yi, ga pil ɗaya mai 1500 ɗan sama da 0.5C ne kaɗan, ga ukun kuma bai kai 0.2C ba. Ya ɓata fuska ya ce Kawu ai zai daɗe. Na ce awa biyar da ɗoriya, sai kuma saukar amper ta ƙarshe awa ɗaya ko biyu. Ya ce wutar ma ba ta kai haka. Gaskiya ya faɗa, amma lityum ba ya fushi in an yi mishi caji rabi-rabi, yau kaɗan gobe kaɗan.

Maƙwabcina mai cajin batiran mota yana jin mu ya leƙo ya ce ku sa ampul ɗin moto a seri ku huta, haka muke yi tun zamanin iyayenmu. Dabara ce ta gaske kuma tana rage amper, batirin mota mai ruwa yana haƙuri da ita. Amma ampul ba ta san 12.6 ba, daga 19 za ta yi ta turawa har sai BMS ta yanke, kenan kullum mai gadi ne zai riƙa tsayar da caji, ran da ya yi barci shi kenan. Rezistans zalla bayan bolt 12.6 ma mun lissafa, om 3.6 zai ba da amper 1 in batir na kan 9, amma yana kaiwa 12 sai ya koma 0.17, a kwana a wuni bai cika ba.

Da iyaka a buɗe take da na aika Kano an kawo mini modil ɗin XL4015 mai ƙusa biyu, ɗaya ta bolt ɗaya ta amper, a gama cikin minti goma. Babu hali, sai abin da ke cikin buhun matattun kaya. LM317 kuwa, ɗan abin nan mai ƙafa uku da ke daidaita bolt, ba ya wuya, ina da su da na ciro daga tsofaffin kaya. Halinshi ɗaya ne, kullum yana ƙoƙarin riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafar fita da ƙafar ADJ. In ka sa rezistans tsakanin su biyun ka ɗauki wuta daga ADJ, ya zama mai ƙayyade amper, 1.25 raba da rezistans ɗin. Om 1.5 ya ba da 0.83. Sai ka bi shi da LM317 na biyu mai riƙe 12.6. Wannan ne muka fara haɗawa don shi ne kowa ya sani, kuma ya yi aiki, sai dai abu biyu ba su yi mini ba. Kowane LM317 yana cin wajen bolt 2 kafin ya yi aiki, rezistans na cin 1.25, diyod mai hana wuta komawa baya na cin nashi, ka tara da 12.6 ka ga mun wuce 18, cajar kuma 19 ce, ba wurin numfashi. Na biyu zafi. Yaron ya ɗora yatsa kan na farko ya janye da sauri yana yarfe hannu, ba a jima ba amper ya fara faɗuwa da kanshi, LM317 ɗin ne ke kare kanshi daga ƙonewa.

Nan na zaunar da shi muka yi lissafin da na ga yawancin zanen da ke yawo a intanet ba sa yi, don masu zanen a digiri 25 suke zaune. Duk bolt ɗin da ya shiga bai kai ga batir ba zafi yake zama. Batir na kan 9.5, caja 19, bambanci 9.5 sau 0.83, kusan wat 8 kenan da dole ya fita ta wani wuri. LM317 tsirara babu radiyate, kowane wat ɗaya yana ɗaga shi kamar digiri 50, cikinshi kuma bai kamata ya wuce 125 ba. A ƙasar da ɗaki ke 25 kana da digiri 100 na wasa. Mu a nan ƙarƙashin kwano da rana, a Afrilu da Mayu, 45 za ka ɗauka, kuma ni ba na son ya wuce 100 a ciki, saura 55 kenan. Rabi fa. Duk wanda ya kwafi zane daga Turai bai rage wannan ba, zanen bai yi mishi ƙarya ba, garin ne ba ɗaya ba.

Sai muka koma ga LM317 ɗaya da tiranzisto ƙarami, wanda a ganina ya fi dacewa da mu. Ga yadda yake. Rezistans om 240 daga fita zuwa ADJ, daga ADJ kuma om 2000 da ƴar tirima ta 500, wato rezistans da ake murzawa, a jere zuwa minus ɗin batir, su ke tsayar da bolt. Tirimar dole ce, don 1.25 ɗin nan daga wannan LM317 zuwa wancan yana iya zama 1.20 ko 1.30, a kan 12.6 kuwa wannan rabin bolt ne, ya isa ya kashe pil. Minus ɗin batir ba ya komawa kai tsaye ga minus ɗin caja, sai ya ratsa ta wani ƙaramin rezistans, shi ne ma'aunin. Tiranzisto C945, wanda ke cikin kusan kowace tsohuwar rediyo, emeta a minus ɗin caja, bas ta hanyar om 100 zuwa minus ɗin batir, kolekta a ADJ. In amper ya yi yawa har bolt ɗin kan ma'aunin ya kai wajen 0.6, tiranzisto ya buɗe ya ja ADJ ƙasa, LM317 ya sassauta. In amper ya ragu ya saki. Linzami kenan. Iyakar ita ce 0.6 raba da ma'aunin, om 0.7 ya ba mu wajen 0.86.

Akwai wani aibi da masu littafi ke faɗa game da wannan haɗin, wai 0.6 ɗin ba tsayayye ba ne, duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru yana raguwa da milibolt 2. Gaskiya ne. Amma duba ta wane gefe yake kaucewa, gari ya yi zafi iyakar amper ta sauka, daga 25 zuwa 45 kamar kashi 6 ko 7 cikin ɗari. Abin da nake so kenan da ma. Aibin da ke cutar mutumin Faransa mu taimakonmu yake, har na liƙa tiranziston kusa da radiyate da gangan don ya riƙa jin zafin.

Om 0.7 ɗin ma ba guda ɗaya muka sa ba. Pil ɗin da ya faɗi ƙasa da bolt 3 ba a dirar mishi da cikakken amper, a hankali ake tashe shi kamar mai buɗa-baki, TP4056 na yin haka da kanta ƙasa da 2.9, namu haɗin kuwa bai san wannan ba. Sai na sa om 4.7 na dindindin, wanda ke ba da wajen 0.13, da makunni da ke ƙara om 0.82 a gefenshi, su biyun a haɗe 0.7. Na rubuta da fenti a jikin akwati: in batir bai kai 9 ba makunni ƙasa, ya wuce 9 makunni sama. Pil ɗin da aka tsinta ƙasa da bolt 2 ya daɗe a haka kuwa ba na tashinshi sam, jan ƙarfen cikinshi na iya narkewa ya yi gada a ciki, sai ran da ya cika ya nuna hali.

Zafin fa bai tafi ko'ina ba, LM317 ɗaya yanzu ke ɗauke da sama da wat 7. Dabarar da na yi ita ce raba kaya, na sa rezistans ɗin siminti om 3.3 mai wat 10 kafin shigarshi. A 0.86 yana cinye bolt 2.8, wat 2.4 kenan ya koma kan abin da aka yi don ya sha zafi, LM317 ya rage da kusan wat 5. Kuma bai hana aiki ba, 16.2 ke isa gare shi, abin da yake buƙata wajen 15.5 ne, in batir ya kusa cika amper ya sauka rezistans ɗin ma sai ya daina ci. Radiyate kuwa na tsohuwar kwamfutar tebur muka ciro, katon alminiyom mai haƙora. A nan yaron ya kusa sake ɓarna, zai ɗaure radiyate ɗin a jikin akwatin ƙarfe da ya haɗa da minus. Kunnen LM317 na baya ba minus ba ne kamar na 7812, fita ce. Muka sa mika, ɗan fallen da ke hana wuta ratsawa, da ƴar robar ƙusa a tsakani.

Sai maganar ɗaukewar wuta, wadda a garin nan ba a barinta sai daga baya. In kuran ya tafi batir na jone, wuta na komawa baya ta cikin om 240 da ɗan'uwanshi, wajen miliamper 5, kwana ɗaya sama da 120 mAh sun tafi a banza, kuma komawa baya ta cikin LM317 na iya lalata shi. Diyod 1N5822 a hanyar fita, bayan rezistans ɗin, ya toshe duka biyun. Sai dai diyod na cin bolt ɗin da ke canzawa, da amper mai yawa wajen 0.4, in amper ya kusa ƙarewa ya ragu sosai, don haka in ka daidaita tirima lokacin da ake caji, ƙarshe batir zai haura abin da ka nufa. A cire batir ake daidaitawa, a auna bayan diyod. Kuma ban sa 12.6 ba, 12.4 na sa, kowane pil wajen 4.13. An rasa ɗan ƙarfi kaɗan, ƙila mintunan fanka, amma tsohon pil a gari mai zafi ya fi daɗewa a haka, kuma multimeta na ma ba na rantsuwa a kan lambarta ta ƙarshe. Na ɗiga man farce kan ƙusar tirima don kar wani ya murza. Fiyus amper 2 a wayar plus kusa da batir, don LM317 in ya mutu wani lokaci shigarshi da fitarshi ne ke haɗewa, ya zuba duk abin da ke shigowa.

Kafin mu jona batir na gwada da ampul ɗin maƙwabcin nan namu, mai wat 21, wadda a bolt 12 kan ja fiye da amper ɗaya da rabi. Multimeta ta tsaya 0.87, ampul ta yi ja-ja ba ta haska sosai ba. Maƙwabcin ya ce to ga shi dai ampul ɗina ta yi rana. Muka jona batir yana 10.2, amper 0.85, bayan rabin awa 0.82 don radiyate ya ɗumama, ana iya ɗora hannu a kai a ƙirga goma. Pil ɗin ko ɗumi ba su yi ba.

Abu ɗaya da haɗin nan ba ya yi, kuma ban ɓoye mishi ba, ba ya yanke caji da kanshi. Lityum ba ya son a bar shi jone a cike kwana da kwanaki kamar batirin mota. Na so in ƙara LM358 ya riƙa duba ma'aunin ya kashe rile, makunnin da wuta ke sarrafawa, ban samu rile mai kyau ba, sai muka sa ƴar mita mai nuna bolt da amper a fuskar akwati, na ce amper na sauka 0.15 ka zare, kuma ba a caji a ɗakin Inna, a zaure kan siminti, nesa da tabarma da buhun gawayi. Mamarshi dai ta ji labari a ƙarshe, ba daga bakina ba, Inna ce ta faɗa mata warin da ta ji ranar.

Da aka buɗe iyaka a 2024 na sa aka kawo mini XL4015 ɗin da ƴan makunnan zafi KSD9700 masu yankewa a digiri 45, don ƙa'idar cajin irin wannan pil daga 0 ne zuwa 45. Modil ɗin na gwada shi, ya fi namu sanyi nesa ba kusa ba, asararshi ba ta wuce wat ɗaya da rabi a wannan amper, duk wanda zai fara yau shi zan ce ya saya. Amma shi ma fitila kawai yake canzawa in amper ya sauka, ba ya yankewa, shi ma sai an murza ƙusar amper an auna da mita, 0.85 ɗin nan da muka sha wahalar nemowa ita za a sa mishi. Yaron ya ce a bar mishi na LM317 ɗinshi, ya saba da shi. Na liƙa makunnin zafin a jikin pil ɗin tsakiya, a seri da wayar caji.

Cikin Afrilu sai ga shi da rana tsaka, gumi sharkaf, ya ce Kawu caja ta mutu, amper sifiri. Na ce ƙarfe nawa ka jona? Ya ce bayan azahar. A ina? A zaure kamar yadda ka ce, amma rana na shigowa ta ƙofa. Na ce ka bar ta nan. Bayan isha'i na jona a shago ta tashi lafiya lau, 0.84. Makunnin zafin ne ya buɗe, pil ɗin sun kai 45 tun ba a ba su komai ba. Ya ce to a cire shi mana tunda da rana wuta ta fi zama. Na ce ba zan cire ba, in yana so ya sa akwatin cikin tsohuwar randar Inna da ba ruwa a inuwar bayan ɗaki, ko ya jira dare.

Tunda abin na hannuna na auna rukunin ɗaya bayan ɗaya da ya cika, biyu suna 4.17, na ƙarshe 4.05. Jimilla daidai take, 12.4 kusan, mita ta fuskar akwati ba za ta taɓa nuna maka wannan ba, BMS ɗinshi kuma irin marar daidaita rukuni ce. Muka raba rukunin, muka cika pil ukun ɗaya-ɗaya muka ajiye su mako guda a durowa. Biyu suka tsaya inda aka bar su, na ukun ya sauka 3.9 ba wanda ya taɓa shi. Shi ke tsotse ƴan'uwanshi, caja kuma tana cike gibin a kan sauran rukunin biyu, da 12.6 muka sa tun farko da waɗancan biyun sun haura 4.2 tuni. Ya tafi gwangwanin yashi wurin ɗan'uwanshi, yaron ya hau kabu-kabu zuwa Dole neman wani mataccen batirin ordinate.